Sikwens a PostgreSQL: tambayoyin da ake yi lokacin ɗaga siga da sauya saba

Duk wanda ya taɓa kwashe rumbun bayanai daga wata saba zuwa wata ya san hankali yakan tafi ne kan tebura: layuka nawa suka iso, nawa suka rage. Sikwens ba ya cikin abin da ake tunawa, sai ya yi tsiya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji daga abokan aiki, kuma amsoshin a kan PostgreSQL suke, wata manhajar rumbun bayanai, sai inda na faɗi wani rumbun daban.

Shi sikwens ɗin mene ne, kuma me ya raba shi da tebur?

Ka ɗauke shi kamar littafin rasit a kanti. Kowane shafi da lambarsa, wanda ya zo a yage masa na gaba. Idan mai kanti ya yi kuskure a rasit mai lamba 41, yagewa zai yi ya jefar, ya rubuta 42. Ba wanda ke komawa ya sake buga 41.

Idan ka ƙirƙiri tebur ka ce ginshiƙin id ya zama serial, ko ka yi amfani da GENERATED AS IDENTITY da ya zo a siga ta 10, PostgreSQL yana ƙirƙirar wani abu daban a gefe, shi ne sikwens, wanda ba shi da aiki sai tuna lambar ƙarshe da ya bayar. Duk sabon layi sai ya kira nextval ya karɓi lamba. Abin lura shi ne teburin yana ajiye lambar da aka ba shi, amma ƙirgar tana wurin sikwens. Abu biyu ne, kuma ba mai leƙa ɗan'uwansa. Kana iya cusa layi mai id 900,000 da hannunka, sikwens yana nan a 12 bai ma san an yi ba.

Na kwafe komai zuwa sabuwar saba, ƙirgar layuka ta yi daidai. Me ya sa rubutu na farko ya faɗi?

Saboda hanyar da ka bi layuka take kwashewa, ba ta kwasar ƙirga. Wannan hanyar, wadda takardun PostgreSQL ke kira logical replication, ni kuma zan riƙa ce mata kwafin layi-layi, ta shigo ne a siga ta 10 a shekarar 2017. Tana karanta canje-canjen da aka yi wa tebura ta aika su: an ƙara layi kaza, an gyara kaza, an goge kaza. Layin yana zuwa da id ɗinsa a jiki, don haka sabuwar saba ba ta da dalilin kiran nextval. Sikwens ɗinta yana zaune inda aka haife shi.

Na ga wannan da idona a wani kamfani da na yi wa aiki. Mun shafe kusan mako biyu muna shiri, muka zaɓi daren Asabar saboda ciniki ya fi sauƙi. Wajen ƙarfe biyu muka juya manhaja zuwa sabuwar saba, shafuka suka buɗe, tsoffin oda duk suna nan, har wani ya fara naɗe cajarsa zai tafi gida. Sai na ce bari in gwada sayen wani abu. Allo ya yi ja:

duplicate key value violates unique constraint "oda_pkey"

A ƙasansa an rubuta cewa id mai lamba 1 yana nan tuni. Na sake dannawa, ya ce 2. Sikwens ɗin yana ta miƙo lambobin da aka ba oda na farko-farko shekaru da suka wuce. Gyaran bai kai minti goma ba, amma a cikin minti goman nan ba wanda ya yi magana da kowa.

Kuma wannan ita ce mai sauƙin. Teburin da ke da maɓallin da ke hana maimaici yana ihu nan take. Wanda ba shi da shi, misali inda ake amfani da sikwens wajen buga lambar takardar biya a wani ginshiƙi na daban, shiru zai yi ya karɓi lambar da aka taɓa bayarwa. Sai bayan wata guda akanta ya zo maka da takardu biyu masu lamba ɗaya.

Abu mai sauƙi haka, me ya hana su gyara shi tun tuni?

Ba shi da sauƙin da ake zato. Kwafin layi-layi an gina shi a kan ma'amala, wato transaction, rukunin ayyukan da ko dai su tabbata tare ko su soke tare: abin da aka tabbatar shi ake aikawa, bisa jerin tabbatarwa, abin da aka soke kuma a watsar. Shi kuwa nextval ba ya bin wannan doka. Ko ma'amalarka ta soke, lambar da ka karɓa ta tafi ke nan. Amma ƙirƙirar sikwens ɗin kansa, ko canja shi da ALTER SEQUENCE, yana cikin ma'amala, ana iya soke shi. Ka ga abu ɗaya, rabinsa yana bin doka, rabinsa ba ya bi. An taɓa shigar da aikin cikin lambobin siga ta 15, sannan aka janye shi a 2022 kafin sigar ta fito, saboda matsalolin da aka gano.

To wace hanya ce ke tahowa da sikwens ba sai na sa hannu ba?

Kwafin sak, wato streaming replication da ke nan tun siga ta 9.0 a 2010. Wannan ba ruwansa da layi ko tebur. Kundin WAL yake turawa, wato inda saba ke fara rubuta duk canjin da za ta yi, saba mai jiran gado ta maimaita duk abin da aka rubuta a faifai, har da sikwens. Idan kana amfani da Patroni ko makamancinsa don saba ta biyu ta karɓi ragama in ta farko ta faɗi, a kan wannan kake. Aibinsa ɗaya ne: dole sabobin biyu su kasance a babbar siga ɗaya. Ba ka kwafin sak daga 14 zuwa 17.

pg_dump, mai zuba rumbu a cikin fayil, shi ma yana tahowa da shi. Idan ka buɗe fayil ɗin za ka ga layukan setval a ɓangaren bayanai. Sai dai ƙimar ta lokacin da aka ɗauki kwafin ce, kuma idan tsari kawai ka ɗauka ba tare da bayanai ba, kamar yadda ake yi kafin kwafin layi-layi, babu setval ɗin sam. pg_upgrade, mai ɗaga siga, shi ma yana riƙe ƙimar.

Sai pg_createsubscriber da ya zo a siga ta 17, wanda ke mayar da saba mai jiran gado zuwa mai karɓar kwafin layi-layi. Wannan ya fi yaudara. Sikwens ɗin ba a 1 yake ba, yana kan lambar ranar da aka yi juyin, don haka in ka leƙa sai ka ga lamba babba ka ɗauka lafiya. Alhali tun ranar bai motsa ba.

Bayan saba ta biyu ta karɓi aiki, lamba ta tsallaka daga 5,014 zuwa 5,041. Bayanai sun ɓata ne?

A'a. PostgreSQL ba ya rubuta kowane nextval a kundin WAL, don hakan zai yi nauyi. Yakan rubuta sau ɗaya cewa an ci lambobi 32 na gaba, sannan ya yi ta rabawa har su ƙare. Saba mai jiran gado abin da ke cikin kundin ta sani, don haka kullum tana ɗan gaba da ta farko. In ta hau gado, daga inda ta sani za ta ci gaba. Haka ma idan wuta ta ɗauke, janareta bai tashi da wuri ba, saba ta mutu ta farfaɗo: za ka ga irin wannan tsallen.

Idan ka sa wa sikwens ɗin CACHE mai yawa, giɓin zai fi haka, domin kowane haɗi yana ɗibar nasa kason ya riƙe, in ya katse kuma sauran sun bi ruwa.

Yaya zan daidaita shi da hannu, kuma a wane lokaci?

Lokacin ya fi umarnin muhimmanci. Da farko ka tsayar da rubutu a tsohuwar saba, tsayarwa ta gaske. Kashe manhajar gaba kaɗai ba ya isa. Akwai ayyukan cron, masu tashi da kansu a kan lokaci, da wani ya kafa shekara uku da suka wuce ya bar kamfanin, akwai masu sarrafa layin saƙonni a bayan fage. Ka duba pg_stat_activity ka ga wa ya rage. Bayan nan ka jira kwafin ya kamo, har babu sauran abin da ke hanya. Sai ka karanta ƙimomin daga tsohuwar:

SELECT format('SELECT setval(%L, %s);',
       format('%I.%I', schemaname, sequencename),
       last_value + 1000)
FROM pg_sequences
WHERE last_value IS NOT NULL AND increment_by > 0;

Wannan ba ya canja komai, jerin umarni kawai yake fitarwa. Ka zuba su a fayil, ka gudanar da fayil ɗin a sabuwar saba, sannan ka buɗe ƙofa.

Akwai ramuka biyu a nan. last_value yana fitowa babu komai idan ba a taɓa amfani da sikwens ɗin ba, amma haka ma yake fitowa idan asusun da ka shiga da shi ba shi da izinin karanta shi. Ma'ana asusu mai ƙarancin izini zai tsallake rabin sikwens ɗinka ba tare da ya ce uffan ba. Ka ƙirga layukan fayil ɗin, ka gwada da jimillar abin da ke pg_sequences. Na biyu, pg_sequences na rumbu ɗaya yake nunawa. In sabarka tana ɗauke da rumbu biyar, sau biyar za ka yi.

Masu ƙirga ƙasa-ƙasa, waɗanda increment_by ɗinsu ke ƙasa da sifili, na ware su da gangan. Su ragewa za ka yi, ba ƙari ba.

Ba zan iya ɗaukar lambar da ta fi girma a teburin kawai ba?

Za ka iya, kuma idan tsohuwar saba ta riga ta mutu ba ka da wani zaɓi:

SELECT setval(pg_get_serial_sequence('oda', 'id'), max(id)) FROM oda;

Amma ni ban yarda da ita a matsayin hanya ta farko ba. A ce sikwens ya kai 80,200, an kuma goge layuka hamsin na ƙarshe. Lamba mafi girma a tebur 80,150 ce, don haka za ka sake raba lambobi hamsin da aka taɓa ba wasu. A cikin teburin ba rikici. A waje fa? Lambar tana cikin imel ɗin da aka tura wa kwastoma, tana cikin rumbun rahotanni, tana cikin kundin bincike. Teburan layin aiki sun fi kowa shiga wannan, domin ana goge layi da zarar an gama da shi, wani lokacin ma tebur ɗin fanko ne ƙaf alhali sikwens ɗinsa ya haura miliyoyi.

Sannan akwai sikwens ɗin da tebura biyu ko uku ke sha daga gare shi, da wanda ba a ɗaure shi da kowane ginshiƙi ba, manhaja ce ke kiransa kai tsaye. pg_get_serial_sequence ba zai nemo maka waɗannan ba.

Dubun nan da ka ƙara, daga ina ta fito?

Daga tsoro. In da gaske rubutu ya tsaya cak, ba ka buƙatar ƙara komai. Ana ƙarawa ne don wanda ya sulale ya yi rubutu bayan ka karanta. Ka duba yawan lambobin da teburinka ke ci a minti ɗaya lokacin da kasuwa ta cika, ka ninka shi yadda hankalinka zai kwanta.

Ka dai duba silin kafin ka yi tsalle. bigserial yana kaiwa 9,223,372,036,854,775,807, ko miliyan ka ƙara ba zai ji ba. serial na yau da kullum iyakarsa 2,147,483,647, smallserial kuma 32,767. Ƙara dubu ga ƙaramin tebur na smallserial a duk ƙaura, sau goma sha biyar, ka cinye kusan rabinsa. In kuma ƙarin ya wuce iyakar sikwens ɗin, setval zai ƙi.

Me true da false ke yi a ƙarshen setval?

setval('s', 42) ko setval('s', 42, true) na nufin an riga an ba da 42, na gaba 43. setval('s', 42, false) na nufin 42 ce za a bayar yanzu. Ka kuma tuna setval ba ya sokuwa. Ko ka yi ROLLBACK ya riga ya zauna.

Idan babbar saba ta faɗi babu sallama, kuma kwafin layi-layi ne kaɗai nake da shi?

Nan ne ake gane wanda ya yi tanadi. Ba inda za ka karanta last_value, don mai shi ya mutu. Masu wannan tsarin sukan kafa ɗan aiki da ke kwafo ƙimomin duk bayan 'yan mintoci, da ƙari mai kauri a kai. Tura sikwens ɗin mai jiran gado gaba ba ya cutar da kowa, tunda ba mai amfani da shi sai ranar da ta hau. Ranar kuma sai ka gwada biyun, abin da aka kwafo na ƙarshe da lamba mafi girma a tebur, ka ɗauki wanda ya fi, ka ƙara a kai.

Ra'ayina dai, in don tsaron faɗuwar saba ne, ka yi kwafin sak. Ka bar kwafin layi-layi ga ɗaga siga da aika wasu tebura wani wuri.

A kwafin sak lamba ba ta taɓa maimaituwa ke nan?

A cikin rumbun, ba ta maimaituwa. A wajensa, tana iya yi. In kwafin ba mai jiran amsa ba ne, wato babbar saba tana ce wa manhaja an gama kafin ta biyu ta karɓa, to ma'amalolin daƙiƙun ƙarshe na iya mutuwa tare da ita. Layukan sun ɓata, ci gaban sikwens ɗin ma yana iya ɓata tare da su, don haka rumbun bai ga saɓani ba. Amma kwastoma ya riga ya ga lambar odarsa a wayarsa, ga shi sabuwar saba za ta miƙa wa wani ita. Maganin shi ne kwafi mai jiran amsa, ta hanyar synchronous_standby_names, wanda kuma kuɗinsa jinkiri ne a kowane rubutu. Takardun PostgreSQL ma sun ja kunne: kada ka kai lambar nextval waje sai ma'amalar da ta kira shi ta tabbata.

Na ji an ce sabuwar siga ta kawo gyara.

A ƙarshen 2025 an shigar da aikin cikin reshen da ake gina PostgreSQL 19. A saba mai aikawa za ka ce CREATE PUBLICATION ... FOR ALL SEQUENCES, a mai karɓa kuma ALTER SUBSCRIPTION ... REFRESH SEQUENCES, sai wani ma'aikacin bayan fage ya je ya ɗebo ƙimomin. Ka lura, ba bin kowane nextval yake yi ba. Daidaitawa ce ta lokacin da ka nema, wato aikin fayil ɗin nan namu ne rumbun ya karɓa. Saboda haka jerin bai canja ba: tsayar da rubutu, jira kwafi, daidaita, buɗe ƙofa.

Kuma dole mai aikawa ya san wannan umarnin. Wanda ke tashi daga 14 ko 16 zuwa 19 bai tsira daga setval ba. Ƙaurar da za ta biyo baya ce za ta amfana.

pglogical fa?

Wani ƙari ne da ake ɗora wa PostgreSQL don kwafin layi-layi. Yana kwafar sikwens lokaci-lokaci, yana kuma tura ƙimar gaba da gangan don kada a yi karo. Yana da synchronize_sequence da za ka kira kafin juyawa. In kana kansa tuni, to madalla; ban ga dalilin ɗora shi don wannan kaɗai ba.

Akantanmu ya ce lambar takardun biya ba za ta yi giɓi ba. Ya zan yi?

To ba sikwens kake buƙata ba, ko da ƙaura ko babu. Ma'amala ɗaya da ta soke ta isa ta bar rami, haka ma INSERT ... ON CONFLICT da ya tarar da layin yana nan, domin ya riga ya karɓi lamba kafin ya gane. Ka yi ƙaramin tebur mai layi ɗaya ga kowane jerin lambobi, ka ƙara masa ɗaya da UPDATE ... RETURNING a cikin ma'amalar da ke rubuta takardar. In ta soke, ƙirgar ma ta koma. Masu rubutu za su riƙa bin layi ɗaya bayan ɗaya, wanda ga takardun biya yawanci ba matsala ba ne. Wani alherin kuma, tunda tebur ne, kwafin layi-layi zai ɗauke shi kamar kowane tebur.

In sabuwar siga ta ba mu matsala muka so komawa tsohuwa fa?

Ramin da ka tsallake da zuwa yana nan yana jiranka da dawowa. Masu hankali sukan juya kwafin bayan ƙaura, sabuwa ta riƙa aika wa tsohuwa, don hanyar komawa ta zauna a buɗe. Layuka za su isa, amma yanzu sikwens ɗin tsohuwar ne ya tsaya a daren da aka bar ta. Ka rubuta matakin daidaitawa cikin takardar komawa tun kafin ka fara, domin ranar da za a koma ɗin ba ranar nutsuwa ba ce.

Idan sabobi biyu ne ke karɓar rubutu lokaci ɗaya?

A nan kwafar ƙima ba ta da amfani, sai dai a raba musu gona. Ɗaya ta fara daga 1, ɗaya daga 2, kowacce da INCREMENT BY 2. Ko ka sa 10 don ka bar wa waɗanda za su zo nan gaba wuri. MySQL yana da auto_increment_increment da auto_increment_offset don wannan aikin. Wasu sukan bar lambobi gaba ɗaya su koma UUID, doguwar shaida ta haruffa da lambobi da ake ƙirƙira ba tare da sikwens ba, musamman da siga ta 18 ta kawo uuidv7(), wanda ke jeruwa bisa lokaci. Yana cin bayit 16 maimakon 8 na bigint, kuma ba wanda zai iya karanta maka shi ta waya.

Sauran rumbuna ma suna wannan tsalle-tsallen?

Suna yi, kowa da salonsa. Sikwens na Oracle yana riƙe lambobi 20 a ƙwaƙwalwa in ba ka ce komai ba, suna kuma iya ɓacewa in saba ta faɗi. SQL Server tun sigar 2012 yakan tsallake kusan 1,000 a ginshiƙin identity na int bayan mutuwar ba-zata, har sai da sigar 2017 ta kawo IDENTITY_CACHE don mai son kashe shi. Na MySQL ya fi ban tsoro a da: kafin 8.0, InnoDB ba ya ajiye ƙirgar a faifai, in an sake kunna saba sai ya duba lamba mafi girma a tebur ya ɗora daga nan, don haka lambobin layukan ƙarshe da aka goge sukan dawo hannun wasu.